Diddigen Kaka a Garejina

Ranar da tifa ta juye marmara a ƙofar gidan da nake ginawa a Nasarawa, sai lebura ya watsa mata ruwa don ƙura ta kwanta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar jar ƙasar nan ya tsayar da ni cak. Ban san lokacin da na zauna a kan bulo ba.

Bari in faɗa maka halin da nake ciki. Na yi ritaya, an ba ni wa'adin barin gidan gwamnati, kuɗin sallama kuma duk sun shige ginin nan, a ɗan filin da aka yanko daga bayan wani tsohon gida. Ƙasan gareji kaɗai ya rage. Uwargida tayil take so, irin na maƙwabta. Magini kuwa cewa ya yi a zuba kankare mai kauri a kan cikon ƙasar a wuce wurin. Aljihuna ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ga shi na ga garejin wani abokina da ya tsage ya lotsa a daminarsa ta farko. In nawa ya yi haka, babu na sakewa. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙamshin nan sai ya tuna mini da ƙuruciyata. A gidanmu na ƙauye, da an kai amfanin gona rumbu, sai mata su kira gayyar daɓe. Kakata ta wajen uba ce mai faɗa a ji. Tun kafin ranar za ta jiƙa ɓawon ɗorawa a randa har ruwan ya yi duhu, shi ne makuba da ake yayyafa wa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Mata su durƙusa a jere, kowacce da madaɓinta na itace, suna waƙa suna bugu tare, har ka ji ƙasa na motsi a ƙirjinka.

Kaka ba ta bugu. Zagayawa take yi ba takalmi, tana dukan ƙasa da diddige, ta karkata kai tana saurare.

"Nan bai ji ba. A sake."

"Haba Inna, hannu fa ya mutu!" in ji matar baffana.

"Ya huta gobe. Akwai iska a ƙarƙashi, ita za ta ba ku kunya."

Ɗakin da suka daɓe ranar nan, har na yi aure ban ga tsaga a cikinsa ba.

Na miƙe daga kan bulon na ce wa magini a dakata da siminti. A shimfiɗa marmara kaɗan-kaɗan, a jiƙa, a daka da gungume, a bari ta kwana, sannan a ƙara wata.

Ya yi dariya. "Alhaji, gareji ne fa, ba ɗakin amarya ba."

Ban kula shi ba. Na tuɓe takalmi, dattijo da furfurata, ina bin wurin da diddige, masu wucewa a mota suna leƙe. Sai da ko'ina ya daina amsa mini kamar ganga, sannan aka zuba siminti daidai gwargwado, aka shafe shi da jar hoda.

Muka tare, damina ta sauka da ƙarfinta. Kullum da safe sai in je in duƙa ina neman tsaga. Ruwa ya ɗauke, lokacin kaka ya yi, ban samu ko ta gashin kai ba. Ranar na yi hamdala, na ci abinci har da ƙari.

Yanzu babu mai kiran gayyar daɓe, jikokina ko sunan makuba ba su sani ba. Uwargida mai son tayil kuwa ta gano babu wuri mai sanyi kamar garejin, ta shimfiɗa tabarmarta, motar ta koma gindin mangwaro. Jiya na tarar da ƙaramar jikata, wadda ta sha ganina a lokacin aikin, tana dukan ƙasan da ɗan diddigenta, ta karkata kai.

Ta dube ni ta ce, "Kaka, nan ya ji."