Tuwon da Suweiba Ta Tuƙa wa Bayram

Ranar da likita ta kira su, yayyafi ake yi a Manchester tun asuba, irin siririn nan da mutum ba ya sanin ya jiƙe sai ya shiga gida. Suweiba ba ta manta ranar ba. Lema ɗaya suka shiga ita da mijinta Bayram suna jiran bas a bakin Stockport Road, kuma a nan ta lura rigar sanyinsa ta yi masa yawa kamar ta aro.

Ita 'yar Zangon Kumasi ce, ta zo ƙasar nan da ƙuruciyarta tana shara da goge-goge a ofisoshin Salford. Shi kuwa mutumin Turkiyya ne, mai gasa burodi a Longsight, irin mai faɗin nan da ake barbaɗa wa riɗi. In ta sauko daga bas da safe takan tsaya ta saya, shi kuma ya ƙara mata ɗaya, ya ce ƙonewa ya yi, ba mai saye. Ba ta taɓa ganin ƙuna a jikin ko ɗaya ba. Da aka ɗaura aure 'yan uwanta suka yi ta tsokanarta, wai ta auri tanderu. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Hana, wadda ta girma ta yi aure a Handsworth, can Birmingham.

Bayram ya daɗe da ciwon ciki. Kumburi, gudawa, ga gajiya mara dalili. Zuma da habbatus sauda babu irin wanda Suweiba ba ta ba shi ba. Da likitan unguwa ya tura shi asibiti aka ɗebi jini aka duba hanjin, sai likita ta ce alkama ce. Jikinsa ne yake faɗa da wani abu da ke cikinta, faɗan kuma yana cinye hanjinsa, abinci ya wuce bai amfane shi ba. Ta ce abin gado ne a jini. Da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa bai motsa ba, wasu kuma sai sun girma yake tashi. Ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginsa. Ya ambaci mahaifiyarsa, wadda ta rasu a rame a ƙauyensu, ana ba ta burodi a jiƙe da madara don shi ne mai laushi. Likita ta ce a gwada Hana. Magani kuwa ɗaya ne, barin alkama har ƙarshen rai.

"Likita," in ji Bayram, "ai ni alkama ce ta aurar da ni."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Suweiba ta koma gida ta ɗaura ɗamara. Burodi, taliya, cincin, garin funkaso, duk ta kwashe ta raba wa maƙwabta. Ta ce da hannunta za ta dawo da mijinta. Kullum da yamma sai ta tuƙa masa tuwo da miyar ganyen ayoyo, ta zauna gabansa har ya cinye.

To, a Kumasi da masara suke tuwo. A nan kuwa tun zuwanta garin semo take saye, don ya fi sauƙi kuma ya fi santsi. Tana kawo buhun ta juye a babbar roba mai murfi ta yar da ledar, kamar yadda uwarta take yi da kowane gari. A wurinta alkama ita ce burodi da funkaso. Tuwo kuwa tuwo ne. Shi Bayram ko idonsa a rufe ya san alkama, amma tun makon farko na aure ta kore shi daga kicin, ta ce a gidansu namiji ba ya leƙa tukunya. Shi a zatonsa masara yake ci, tuwo kuma haɗiye shi ake yi, ba a taunawa.

Sanyi ya wuce, azumi ya zo, Bayram sai ƙara ramewa yake. Yana ramewa tana ƙara masa malmala. Likita ta tambaye shi ko yana ɗan gutsurar burodi a shago, ya rantse bai taɓa ba. Ita ma Suweiba zargin ya shige ta, har ta ce masa in yana son ya bar ta a ƙasar mutane ita kaɗai, ya faɗa mata kawai. Da aka ce wataƙila ƙurar garin alkama ce take shiga bakinsa a shago, sai ya sayar da shagon, da tanderun da ya gina da hannunsa.

Bayan sallah Hana ta zo. Gwajinta ya fito, ita ma tana da shi. Ta shigo da abincinta a kwano, abin da ya ɓata wa uwar rai. Suweiba ta ce ta ajiye kwanon nan, ko ƙwayar alkama babu a gidan. Hana ta bi ta kicin, ta ɗaga murfin robar.

"Mma, wannan garin mene ne?"

"Semo mana. Da shi aka raine ki."

Hana ta zauna a ƙasa, ta kira ubanta. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, sai da Suweiba ta ce ya shigo. Ya tsoma yatsu biyu a garin ya murza, ya kai hanci. Bai daɗe ba.

"Alkama ce," ya ce. "Mai kyau kuwa."

Muciya na hannun Suweiba, ta kasa ajiye ta. Ta dubi wuyan hannun mijinta, ta tuna malmalar da take ƙara masa, ta tuna maganar da ta gaya masa, ta tuna tanderun. Ta fara neman gafararsa. Shi ya karɓi muciyar ya jingine, ya ce, "Uwar Hana, ke kika ce in fita, amma ni na fita. Mu biyu muka tuƙa shi."

Cikin ya lafa bayan 'yan watanni, sai dai shekarun ciwon sun riga sun ci ƙashinsa. Ya zame a ƙanƙara ya karye a ƙugu, bai ƙara hawa bene ba. Shagon ya zama na gyaran waya.

Yanzu suna Handsworth, a ɗakin ƙasa na gidan Hana. Bayram yana tafiya da sanda. Suweiba tana tuƙa tuwon shinkafa, kuma duk garin da ya shigo gidan sai ta kai masa ya murza kafin ta ɗora tukunya.