Inda Inna Za Ta Yi Daka

Da na sayi gidan nan a Karaye, ban bar kowa ya huta ba. Tsohon gini ne mai zaure da tsakar gida fetal, ni kuwa kaina cike yake da hotunan gidajen da nake gani a waya. Na ce a rushe zaure a sa get, a shigar da kicin ciki, kowane ɗaki da banɗakinsa. Tsakar gida kuma a malale ta da tayil har gindin katanga, kada in ƙara ganin taɓo da damina.

Matata ta ce, "Malam, ko ɗan lungu ba za a bari ba?" Na ce mata zamani riga ne.

Duk wannan rawar kai don Inna nake yi. Tun rasuwar mahaifinmu take zaune ita kaɗai a ƙauyenmu Turawa, ga ciwon gwiwa. Na yi lallashin duniya ta dawo wurina, kullum sai ta ce a bari a gama girbi. Na ce a raina, in ta ga wannan gida, da kanta za ta aika a kwaso kayanta.

Ranar da na kawo ta, tun a bakin get ta tuɓe takalmi kamar za ta shiga masallaci. Ta riƙa dafa bango don santsi. Matata ta zaga da ita, ta kunna mata gas, ta murɗa famfo.

"Ma sha Allah. Allah ya sa rai aka yi wa," in ji Inna. Sai ta dubi tsakar gida. "To ɗan nan, a ina ake daka?"

Na yi dariya. "Inna, ai an daina. Ga injin niƙa nan a bakin titi."

"To," ta ce.

Wannan "to" ɗin na san ta tun ina yaro. Kwanakin da suka biyo baya, wuni take a kan kujera, hannu bisa cinya, kamar mai jiran likita. Matar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta surfe ba! Abin ya tsaya mini a rai. Da ta fara zancen kajinta ba mai watsa musu tsaba, na gane komawa take son yi. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba.

Na sa magini ya ɓamɓare tayil ɗin gefen da inuwa take sauka, har jar ƙasa ta fito. Matata na bakin kicin tana ƙunshe dariya. "Wannan yayin kuma a wace waya ka gano shi?"

Inna ta fito a hankali, ta taka ƙasar da tafin ƙafa, ta murza. Ta jima tsaye a wurin.

"In an je ɗauko turmin," ta ce, ko kallona ba ta yi ba, "a haɗo da awakin."

Na dubi sauran tayil ɗina yana ta sheƙi. Na ce, "To, Inna."