Gadin Ruwan Kwamfuta

Wautata ce ta sa na yarda in yi gadin kwamfuta, ni da ko aji uku ban gama ba. 'Yata injiniya ta zana magudanar gonarmu ta Kiru a ciki, don a gano abin da ke hana ruwa isa ga albasata. Ta ce in zura ido, duk inda ya koma ja in kira ta. Na goge tabarau, na gyara zama. Sai ga ruwa shuɗi tas yana gudu abinsa.

Takaici ya sa na tofar da gorona. Na ce, "Ƙarya ce! Tamu magudanar ɗoyi take, duk ruɓaɓɓen tumatir da tsutsa."

Ta ce, "To Baba, wa ke juye kwandunan tumatirin a cikinta?"