Ni Na Rufe Ramin Gudu, Bappa Njidda

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, tara ga watan Agusta 1994, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Bappa Njidda na unguwar Kachalla Sembe, a ramin haƙar farin dutse da ke cikin daji gaba da Sunkani. Washegari aka yi masa sutura a Jalingo. Mu bakwai ne a ƙarƙashin ƙasa a ranar. Shida muka fito.

Bappa, kwana takwas ke nan da rasuwarka, har an fara cewa ramin gudu bai da amfani, tunda wanda ya ƙirƙiro shi ma a cikinsa ya mutu. Ranar Litinin mai wurin haƙar da muke yi wa aiki zai buɗe sabon rami mai baki ɗaya tak, kuma mutum goma sha huɗu sun ce za su shiga. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai wuce aji huɗu ba.

Shekara uku da suka wuce na zo wurinka ba ni da ko takalmi. Ka cire naka na roba ka ba ni, ka ce kai ƙafarka ta saba tun kana haƙar kuza a Jos. Ka koya mini in buga rufin rami da ƙotar diga in saurara. In ya amsa da ƙarfi, a ci gaba. In ya yi kuka kamar ganga, a ajiye komai a fita, ko da dutsen yana ƙyalli a gabanka.

Dokarka ɗaya ce ba ka sassautawa. Kowane rami sai an yi masa baki na biyu a can gefe, wanda ba a fitar da ko tsakuwa ta cikinsa, sai dai mutum in hanya ta toshe. Shi kake kira ramin gudu. Mako biyu muke ɓatawa a kansa muna gunaguni. Faɗinsa kuwa da cikin Simeon kake aunawa, don ya fi kowa ƙiba a cikinmu.

"Kai Simeon, shiga mu gani. In ka maƙale, ko dai mu ƙara haƙa ko matarka ta rage doya."

"Bappa, ƙara haƙa," in ji shi. "Lois ba ta jin magana."

Kowace Litinin da safe sai ka sa mu kashe tocila, mu kama igiyar da ka shimfiɗa a ƙasa, mu yi rarrafe cikin duhu har ramin gudu. Wanda ya yi dariya sai ya sake. Ni na sake sau huɗu a rana ɗaya, ba ka ɗaga mini murya ba, ka dai ce, "Koma, ɗana."

To ga abin da ba ka sani ba. Ranar Juma'a da ka tafi Jalingo duba jikin ɗiyarka Ruwaida, saniyar wani makiyayi ta zurma ƙafa a ramin gudu ta karye. Mutanen ruga suka zo da sanduna. Don a zauna lafiya na yi musu alkawari zan rufe. Bayan kowa ya tashi, na jera gungume huɗu a bakin ramin, na ɗora kwanon rufi, na jibga manyan duwatsu a kai don kada shanu su ture. Da kyau na rufe shi, Bappa, irin aikin da ka koya mini. Ban tuna cewa daga ƙasa ake buɗe shi ba, ba daga sama ba. Da ka dawo da yammacin Litinin, na ga hankalinka yana wurin mara lafiya, na ce gobe zan faɗa maka.

Goben ce aka yi ruwan sama mai ƙarfi. Muna ƙasa muka ji babban baki ya rufta, iska ta buge mu, ƙura ta cinye hasken tocila, ruwa ya fara bin gwiwoyinmu. Kai kaɗai ne muryarka ba ta yi rawa ba. Ka kira sunanmu ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowa ya kama igiya. Ina bayanka, hannuna yana taɓa dugaduganka. Na san abin da ke gabanmu. Wallahi na buɗe baki ya fi sau uku, maganar ta ƙi fita.

Ka hau matakalan da ka sassaƙa a bango, sai muka ji kanka ya bugi kwano.

"Wa ya rufe?"

Ka lalubi gungumen da hannu, sannan ka ce:

"To. Ku matsa baya."

Ka kafa ƙafa ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, ka sa gadon bayanka a ƙarƙashin gungume. Mutum mai shekara sittin. Haske ya shigo kamar faɗin tafin hannu, sannan ya ƙaru. Ka ce mu taka jikinka mu wuce. Na taka cinyarka, na taka kafaɗarka. Simeon ne na ƙarshe, kuma ya wuce, don da shi ka auna. Mun juyo za mu kama gungumen ke nan ƙafarka ta zame, itacen da duwatsuna duka suka bi ka ƙasa. Da hannu muka yi ta tono. Sai dab da magariba muka same ka.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. An yi zaton makiyayan ne suka rufe, ni kuma na yi shiru na bar su da laifin. Su ma su yafe mini.

Jama'ar da za su shiga rami ranar Litinin, don Allah ku saurare ni. Ramin gudu bai kashe Bappa ba. Mutum shida ya fitar, alhali yana rufe da tulin duwatsun da mutum biyu ba sa ɗagawa. Da a buɗe yake, da bakwai ya fitar. In shanu ake tsoro, a kewaye shi da ƙaya, kada a ɗora masa komai a kai. Obadiya, kai ne babba a cikinmu yanzu, kai mai aikin zai ji. Ka ce masa ba a sauka sai an haƙa baki na biyu. In ana ganin ɓata lokaci ne, ku ba ni diga in haƙa ni kaɗai, ko wata guda zan yi. Ban san wanda zai hana ku ba in kun ƙi. Ni ba ni da muryar Bappa, kuma yanzu kun san abin da na yi.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Njidda. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada. Ka sa rayukan da ya fitar su zama hujja gare shi ranar hisabi, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, Adda Ruwaida da Hamna da ƙannensu, da dukan jama'ar Kachalla Sembe. Allah ya ba ku haƙuri. Goggo Umma, matar Bappa, ke da kika zuba mini abinci ranar sadakar uku kika ce in ci don na sha wahala, ga gaskiyar abin da ya faru da mijinki. Gobe bayan la'asar zan zo in durƙusa a ƙofar ɗakinki. Duk abin da kika ga dama ki faɗa mini, zan tsaya in ji.

Abdulsalam, unguwar Sarkin Dawaki, Jalingo