Madam Safiyatu da Harafin da Ya Maido da Falalu Gida

Kullum safiya, kafin a buga ƙarfen kolej, Madam Safiyatu za ta wuce ta gaban teburin shayin Manzo a nan Tanut, taswirar duniya naɗe a hammata. Manzo ya bi ta da ido har ta shige. Ba a jimawa sai muryoyin yara su ɓarke ta taga, suna rera sunayen ƙasashe da mutanensu da Ingilishi: "Mali, Malian! Libya, Libyan! Italy, Italian!"

"Kun ji ko?" in ji Manzo ga masu shan shayi. "Libiya, Italiya! Wannan karatu ne ko lissafin zango? Garin da motocin Agadas ke ratsawa, a ce mace na haddace wa 'ya'yanmu inda za su gudu? Wa ke biyanta?"

"Gwamnati mana," wani ya ce.

"Ita kaɗai?"

Zance ya zaga gari, aka laƙa mata suna Madam Fasfo. Sai ga Falalu, ɗan Manzo kuma tsohon ɗalibinta, ya hau mota ya yi arewa ba sallama. Shi ke nan, zargi ya samu ƙafa. Manzo ya kai ƙara wurin darektan makaranta. Mata suka riƙa yin shiru in ta shigo gidan biki. Ita kuwa ba ta fasa ba: "Baban Falalu, an tashi lafiya?" Shi ko sai ya duƙufa wanke kofi.

A aji ma ba ta sassauta ba, musamman kan kalmomi biyu. "Nigerian mutumin Najeriya ne. Mu Nigerien ne. Ku buɗe baki: ni-je-ri-EN! Wanda ya ce min 'an', shi zai share aji."

Ana nan sai ga Falalu ya dawo, a rame, yana tari. A teburin ubansa ya ba da labari, mutane cike.

"An kama mu a Libiya, aka tsare. Wata Baturiya mai aikin agaji ta zo raba mu jirgi-jirgi don a mai da kowa ƙasarsa, ba ta jin Faransanci. Ta ji muna Hausa, ta ce, 'Nigerian?' Duk muka gyaɗa kai. Zazzaɓi nake, ina bin layi, sai na ji muryar Madam cikin kaina tana cewa in share aji. Ashe layin Legas ne! Na ƙwalla, 'No! Nigerien! From Niger!' Ta fitar da ni. Na jawo wasu mutanenmu biyu 'yan garin Gangara da ke gabana."

"Wa ka sani a Legas?" in ji Manzo.

"Ko kare, Baba."

Manzo ya runtse ido, bai saki zarginsa ba tukuna. "To hanyar tafiyar fa? Ba ita ta koya maka ba?"

Falalu ya sunkuyar da kai. "Direbobin da ke shan shayi a nan ne, Baba. Ina zuba musu, ina saurare."



Bana Madam Safiyatu ta ajiye alli. Ranar ban kwana Manzo ya shigo kolej da butarsa, ya zuba mata kofin farko da hannunsa. "Madam, ni dai har yau ban ga amfanin Italiya ba. Amma wannan 'en' ɗin, don Allah ki sa wa jikata Aminatu a baki kafin ki huta."

Madam, ke ce aka zarga da koya wa yara hanyar fita, alhali sunan gida kike cusa musu. Ke ce kika sha harara shekara da shekaru, kina gaida mai hararar. Giwa mai haƙuri, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu riƙe da alli yau, ku tsaya kan harafinku kamar yadda ta tsaya. Ba ku san a wane layi zai tarar da ɗan wani ba.