Ƙwallayen Dabinon Malam Mikail

Malam Mikail mutumin Soron Ɗinki ne, kakanninsa Barebari, sana'arsa zanen hula. Shi yake fitar da fasalin ado, mata su bi da allura. Tun muna samari ba shi da yawan magana. Da wannan aiki ya aurar da 'ya'ya, da shi ya sauke farali.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Hannun dama ya tafi, magana ta tafi. Da aka dawo da shi gida sai ya kama jera ƙwallayen dabino kashi-kashi a kan tabarma: ɗaya, biyu, biyu, uku, biyu, huɗu, biyu. In an share, ya yi ta huci har a mayar masa.

Matarsa Ya Kaka ta daina cin abincin kirki. Babban ɗansa Zaharaddeen ya fara zancen asibitin masu taɓin hankali, ƙasa-ƙasa, a zaure. Ni maƙwabci ne, na ce a ɗan saurara.

Wata Juma'a ina ɗakin, 'yarsa Zara ta zo daga Shahuci. Ita ta gaji sana'ar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kallon tabarmar.

Ta dubi Zaharaddeen ta ce, "Yaya, wa ya ce Baba ya zautu?"

"Ba wanda ya ce."

"Fuskarka ta ce. Dubi kashi na shida. In zagayen hula gida shida ne, hanya nawa za a raba shi daidai, ado ya haɗu a ƙeya? Kashi ɗaya, biyu, uku, ko shida. Hanya huɗu, ga ƙwallo huɗu. Bakwai kuwa sai ɗaya da bakwai, ga biyu. Aikinsa yake yi."

Zaharaddeen ya ce, "Wataƙila dace ne."

Zara ta ɗebi ƙwallaye ta ci gaba daga inda mahaifinta ya tsaya: takwas huɗu, tara uku, goma huɗu, sha ɗaya biyu. Da ta zo sha biyu, mai hanya shida, sai ta ajiye biyar da gangan.

Malam Mikail ya harare ta. Ya make mata hannu da hagunsa, ya turo ƙwallo ɗaya.

"Wayyo Baba, da girmana!"

"Ƙara mata, Malam," in ji Ya Kaka, tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

Zaharaddeen ya tashi ya fita. Ta taga na ji shi yana ba mai adaidaita sahun da ya kira haƙuri, wai an fasa tafiya asibitin.