Dokar Gwaggo a Kan Ƙarar Babur

Jiya wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gidanmu, yarana suka ci gaba da faɗansu a kan ƙanzon tuwo. Ba wanda ya yi shiru, har ni. Sai na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta.

A gidan tsohon mijina, ƙarar babur ɗinsa ce ƙararrawarmu. Da na ji ta sai in ce wa yara su yi tsit, domin hayaniyarsu a jikina take ƙarewa. Auren ya mutu, muka koma wurin Gwaggo a Roni, amma darasin ya biyo mu. Gidanta kuwa a bakin titi yake. Duk babur ɗin da ya wuce sai in daka tsawa, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane ɗaga murya a aji.

Wata la'asar tana ɓarar gyaɗa, tsakar gida na ƙamshin sabuwar ƙasa, sai wani babur ya wuce, ta ga autata ta haɗiye dariyarta. Ta ture faifan.

"Ke malama, 'yan acaɓar Roni duka kika aura?"

Na ce, "Gwaggo, jikina ne ya saba."

"To nan gidana ne. Ku zo, jikoki!"

Ta kife ƙwarya tana kiɗa, ta kafa doka: in babur ya wuce, a yi ihu. Maƙwabta sun ji jiki. Ni ce daƙiƙiyar ajin, amma ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya ba ta gida a Aljanna cike da yara masu surutu.